Yaran da nake horarwa sun fara guje mini: amsa ga wani koci daga Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a Birnin Kebbi. Na buga ƙwallo tun ina yaro har ciwon gwiwa ya zaunar da ni, shi ya sa shekaru uku da suka wuce na tara yaran unguwarmu 'yan shekara 11 zuwa 15 ina horar da su a filin makaranta bayan la'asar. Da farko sun haura talatin, yanzu kuwa da ƙyar goma sha biyu suke zuwa. Abin ya taɓarɓare ne tun dogon hutun da ya wuce, lokacin da aka cinye mu da bugun fenareti a wasan ƙarshe na kofin unguwanni. Ran nan raina ya ɓaci ƙwarai, na yi musu faɗa a gaban jama'a, na sa su tsallen kwaɗo, kuma yaron da ya ɓarar da fenaretin ban sake ganinsa a fili ba. Lamba tarana, wato ɗan wasan gabana, wanda ya fi kowa iyawa, ya daina zuwa atisaye, sai ranar wasa yake ɓullowa, ni kuma ba na iya ajiye shi a benci. Iyaye suna ƙorafin cewa ina hana yara Islamiyya da aikin gona. Daga albashina nake sayen ƙwallo da fiyawata, har na sa ladan naira 500 ga duk wanda ya ci ƙwallo, kuma kullum ina tuna musu cewa Zaidu Sanusi ɗan Jega ne amma ga shi a Turai. Duk da haka jikinsu a sanyaye yake. Don Allah ta yaya zan dawo musu da zuciya?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Mutumin da zai yini a aji yana fama da alli da hayaniyar ɗalibai, la'asar ta yi ya ɗauki usur ya koma fili ba tare da wani ya ba shi ko sisi ba, ba ya buƙatar a koya masa son yara. Saboda haka ka ɗauki abin da zan faɗa a matsayin gyara kayanka, wanda Hausawa suka ce ba ya zama sauke mu raba.

Ka tambayi yadda za ka dawo wa yaranka da zuciya, ni kuwa a ganina zuciyar tana nan inda take. In kana son tabbatarwa, ka bar usur ɗinka a gida ranar Alhamis da yamma, ka zaga layukan unguwarku a hankali. Ina kyautata zaton za ka tarar da rabin waɗanda suka ɓace maka a wani lungu, sun ajiye duwatsu biyu ko silifas a madadin raga, suna bin wata tsohuwar ƙwallo da ta sha ɗinki, ƙafa ba takalmi, ƙura har gira, ana gardamar ko ta shiga ko ta bi ta kan dutse, kuma ba za su watse ba sai ladan ya kira magariba. Babu wanda ya yi musu alkawarin naira 500, babu wanda ya ambata musu Turai. Ke nan filinka suka ƙaurace wa, ƙwallon kuwa suna nan suna bugawa. A lungun nan kowane yaro yana taɓa ƙwallo ba adadi, wanda ya yi kuskure a yi masa dariya a wuce wurin, babu mai zaman benci, kuma su ne suke yanke wa kansu hukunci. Duk shawarar da zan ba ka ƙoƙari ce ta maido da waɗannan abubuwa filinka, tare da ilimin da kake da shi wanda babu shi a lungu.

Mu fara da ranar wasan ƙarshe, domin a nan ne ƙwaryar ta fashe. Ka sa kanka a rigar yaron nan, wanda bai wuce shekara goma sha uku ko sha huɗu ba. Ya taso daga tsakiyar fili shi kaɗai, mutanen unguwa sun yi wa filin zobe, yayyensa suna kan katanga, 'yan acaba suna ta danna oda, ya ajiye ƙwallo da hannun da yake rawa, ya ja da baya, ya buga, ta haura sama. Kafin ya ɗora hannu a ka, wurin da idonsa ya fara zuwa shi ne inda kake tsaye, yana neman ya ga ko akwai sauran mutum ɗaya a filin nan da yake tare da shi. Abin da ya samu shi ne faɗa da tsallen kwaɗo a gaban waɗanda zai haɗu da su gobe a bakin famfo da Islamiyya, inda tuni an raɗa masa sabon suna. Yaron Bahaushe ya fi jure bulala goma a cikin ɗaki a kan tozarci ɗaya a gaban sa'o'insa. Rashin zuwansa ba taurin kai ba ne, kunya ce take hana shi, sauran yaran kuma sun ga abin da ake yi wa wanda ya yi ƙarfin halin ɗaukar nauyi ya faɗi, kowa ya yi wa kansa lissafi.

Kai da ka buga ƙwallo ka san cewa fenareti ba ta san girma ba. Roberto Baggio, wanda ya fitar da Najeriya daga gasar cin kofin duniya ta 1994 a Amurka da ƙwallaye biyu, ɗaya ma daga cikinsu da fenareti ya ci ta, shi ne ya ɗaga tasa sama a wasan ƙarshe da Brazil, kofi ya kuɓuce wa Italiya. Messi ya ɓarar da tasa a wasan ƙarshe na kofin nahiyar Amurka ta Kudu a 2016. Abin da ya sami waɗannan, ba a hukunta ɗan firamare ko ɗan ƙaramar sakandare a kansa.

Aikinka na farko, kafin ka taɓa tsarin atisaye, shi ne ka taka zuwa gidan su yaron nan. Ka yi sallama da mahaifinsa, ku gaisa, ka nemi a kira maka shi, sannan ka gaya masa a gaban uban cewa kai ne ka yi kuskure ran nan, kuma cikin yara duka shi ne ya yarda ya je ya buga a lokacin da wasu suke sunkuyar da kai. Na san a al'adarmu yana da nauyi babba ya ba ƙarami haƙuri, amma nauyin nan shi ne darajar abin, domin yaron ba zai manta ba har ya tsufa. Idan ya dawo, a ƙarshen atisayen farko ka shirya bugun fenareti, ka miƙa masa ƙwallo ya fara, ko ya ci ko bai ci ba ka tafa masa. Sauran yaran ma ka tara su ka faɗa musu a taƙaice cewa fushi ne ya ɗebe ka, kuma daga yau babu tsallen kwaɗo. Kai da gwiwa ta raba da ƙwallo bai kamata a same ka kana ɗora wa gwiwoyin da ba su gama ƙwari ba irin wannan wahala. Ban da haka, duk kocin da yake hukunci da gudu ko gwale-gwale yana koya wa yaro cewa motsa jiki azaba ce, alhali da gudun nan ake cin wasa.

Tsoro yana da alamomi a fili, kuma ina so ka lura da su a wasanku na gaba. Za ka ga yaro yana raɓewa a bayan abokin hamayya don kada a ba shi ƙwallo, za ka ga ɗan baya da zarar ta zo ƙafarsa ya narka ta waje ko da babu kowa a kansa, za ka ga wanda ya yi kuskure ya juyo yana kallon bakin layi maimakon ya bi ƙwallon ya ƙwato. Masu kallo za su ce yaran ba su da zuciya, nan kuwa sun koyi cewa wanda bai taɓa ƙwallo ba shi ne ba a yi wa tsawa. Wasu malaman Jami'ar Washington ta Amurka, Ronald Smith da Frank Smoll, sun shafe shekaru tun daga wajajen 1970 suna nazarin masu horar da yara. A wani bincike da aka wallafa a 1992 kan yara masu wasan besbol, an koya wa wasu kociyoyi su riƙa yaba ƙoƙari, su ƙarfafa yaro bayan kuskure, su gyara ba tare da tozartawa ba, aka bar wasu a kan yadda suka saba. Da shekara ta zagayo, kashi 5 cikin 100 ne kawai na yaran rukunin farko suka daina wasa, a ɗaya rukunin kuwa kashi 26 ne, kuma tausasawar ba ta sa ƙungiyoyin farko sun fi shan kashi ba. Mu kuwa ba mu buƙatar zuwa Amurka kafin mu san wannan. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko tir ba, bai kuma taɓa ce masa don me ka yi kaza ko don me ba ka yi kaza ba. Kuma an umurce mu da mu sauƙaƙa kada mu tsananta, mu yi bushara kada mu kore mutane.

Kada ka fahimce ni da cewa ka saki yara sakaka. Akwai bambanci tsakanin kuskure da laifi, kuma rikita su ne yake ɓata yawancin masu horarwa. Ɓarar da ƙwallo, bayar da ita ga abokin hamayya, sakin ta daga hannun gola, duk kuskure ne, maganinsu koyarwa. Zagi, dambe, raina alƙalin wasa, makara ba dalili, wasa da salla, waɗannan laifi ne, kuma hukuncinsu ɗaya ne da yake ci wa ɗan ƙwallo rai fiye da bulala, wato ya zauna ya kalli 'yan'uwansa suna bugawa. Ka zauna da yaran ku tsara dokokin tare, kada su wuce biyar, su faɗi hukuncin da bakinsu, domin dokar da yaro ya sa hannu a cikinta shi ne yake fara tsare ta. In za ka gyara kuskure, ka kira yaro da sunansa, ka matso kusa da shi, ka faɗi abu ɗaya da zai yi a karo na gaba, kamar ya ɗaga kai ya duba kafin ƙwallo ta iso shi, sannan ka ba shi dama ya sake nan take. A hutun rabin lokaci kada maganarka ta wuce abu biyu ko uku. Ranar da aka cinye ku kuwa, ka ba su ruwa, ka sa su gaisa da abokan karawa, ka ƙirga su, ka tabbatar kowa ya isa gida, sharhin wasa ya jira atisaye na gaba lokacin da zuciyarka ta huce.

Sai kuma shi kansa atisayen. Wanda aka saba gani a filayenmu shi ne a zaga fili sau biyar ko goma, a jera yara ashirin a layi guda da ƙwallo ɗaya kowa yana jiran ya buga sau ɗaya ya koma baya, koci ya yi dogon jawabi, sannan a raba sha ɗaya-sha ɗaya a babban fili inda manya uku ko huɗu suke riƙe ƙwallo har a tashi. Ka gwada wani abu: ka zaɓi yaro ɗaya matsakaici, ka riƙe biro da takarda, ka ja layi duk lokacin da ƙafarsa ta taɓa ƙwallo daga farkon atisaye zuwa ƙarshe. Abin da za ka gani a takardar zai ba ka amsar rabin wasiƙarka. A Ingila an daɗe ana sa ƙananan yara su buga biyar-biyar, sannan bakwai-bakwai, sannan tara-tara, ba sa kai wa sha ɗaya-sha ɗaya sai sun kai wajen shekara goma sha uku, saboda a ƙaramin fili da mutane kaɗan babu inda yaro zai ɓuya, dole ya karɓa, ya yanka, ya bayar, ya tare. Yara goma sha biyun da kake kuka da ƙarancinsu ƙungiyoyi uku ne na mutum huɗu-huɗu. Ka shata ƙaramin fili da toka ko duwatsu, biyu su kara na minti biyar, ta uku tana gefe tana koyon tarba da bayarwa, wadda aka ci ta fita. Ka riƙa sauya sharaɗi: yau ba a taɓa ƙwallo fiye da sau biyu, gobe wadda aka ci da ƙafar hagu biyu ce, jibi ba a ci sai kowa a ƙungiyar ya taɓa. Gudun da za su yi a haka ya fi na zagaye fili, kuma ba za su san sun yi shi ba. Ga 'yan shekara 11 da 12 ƙwallo mai lamba 4 ta fi dacewa da ƙafarsu a kan mai lamba 5 ta manya, kuma ƙwallaye uku masu araha sun fi maka amfani a kan guda ɗaya mai tsada da ake lallaɓawa. Minti goma sha biyar na ƙarshe ka bar musu, su raba kansu, su yi alƙalancin kansu, kai ka koma gefe ka yi shiru. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kebbi yake haura digiri 40, ka ja lokacin zuwa yamma sosai, ka rage tsawonsa, a riƙa tsayawa shan ruwa, a watan azumi kuma kada ka matsa wa kowa.

Kai malami ne, ka san amfanin rajista. Ka sayi littafi ɗaya, kowane yaro da shafinsa, ka rubuta sau nawa yake iya ɗaga ƙwallo ba ta faɗi ba, cikin bugu goma da ƙafarsa mai rauni nawa ne suke isa inda aka nufa, sau nawa ya zo atisaye a wata. Duk ƙarshen wata a sake gwadawa, ka nuna masa da yatsa cewa a watan jiya yana yin 9, yau ga shi a 23. Yaron da ba zai taɓa kamo lamba tara ba yana iya kamo kansa na jiya, kuma wanda ya ga ƙafarsa tana gyaruwa ba sai an aika a kira shi ba.

Ladan naira 500 kuwa ka janye shi, ka kuma faɗa musu dalili. Wa yake cin kuɗin nan in ba ɗan gaba ba? Golan da ya tare uku, da ɗan bayan da ya sha shuri a ƙwauri, da ɗan tsakiyan da ya yi wahalar kawo ƙwallon, duk hannu rabbana suke komawa gida. Kana koya wa yaro ya buga daga inda ba a ci alhali ga ɗan'uwansa a buɗe, kuma ranar da albashi ya yi jinkiri, ƙwazon da aka saya da kuɗi zai tafi tare da kuɗin. A zamanin nan da cacar ƙwallo ta shiga wayoyin matasa, ba na son yaro ya fara haɗa ƙwallo da kuɗin nan take tun yana ɗan shekara goma sha biyu. Kuɗin ka mai da shi ƙwallo ta biyu, ko kankana da za a yanka wa kowa bayan wasa. Yabo shi ne ladan da ba ya ƙarewa a aljihunka, amma shi ma yana da ƙa'ida. Ce wa yaro kai gwani ne ba ya koya masa komai. Ce masa na ga yadda ka dawo da gudu ka tare bayan an ƙwace maka, wannan yana gaya masa abin da zai maimaita, kuma yana gaya masa cewa idonka yana kansa. Binciken da Claudia Mueller da Carol Dweck suka wallafa a 1998 ya nuna cewa yaran da aka yaba wa basira sun fi gudun aiki mai wuya kuma sun fi saurin karaya idan suka faɗi, a kan waɗanda aka yaba wa ƙoƙari.

Ina zaton wannan ne ciwon lamba taranka. Tun yana ƙarami unguwa take kiransa da sunan wani tauraron Turai, ya ɗauka cewa atisaye na marasa baiwa ne, kai kuma ka tabbatar masa da haka duk ranar da ka sa shi a wasa bai zo horo ba. Ka duba abin ta idon yaron da ya zo sau uku a mako, ya ɗauko ruwa, ya kwashe duwatsu, ranar wasa kuma ya zauna a benci yana kallon wanda bai zo ba yana sa riga. Wannan yaron ba zai yi maka gardama ba, tarbiyya ba za ta bar shi ba, zai daina zuwa ne kawai, kuma ina jin da yawa daga cikin waɗanda ka rasa ta wannan ƙofar suka fita. Ka sanar da doka ga kowa cewa wanda bai zo atisaye ba, ba da uzurin iyaye ko rashin lafiya ba, ba zai fara wasa ba. Sannan ka kira lamba taran shi kaɗai, ka fara da tambayarsa abin da yake hana shi zuwa, domin mai yiwuwa ne aike ne ko tsaron shago, ba girman kai ba. In girman kai ne, ka gaya masa gaskiya cewa baiwar da yake taƙama da ita a unguwa, idan ya je gwaji filin wasa na Haliru Abdu da ke Birnin Kebbi zai tarar da irinsa ashirin daga Argungu da Yawuri da Zuru, kuma abin da zai raba su shi ne wanda ya fi horo. Ka ɗora masa nauyi, ya koya wa ƙanana uku yadda ake bugu, ka kuma sa masa sharaɗi mai wuya a atisaye don ya daina ganin abin wasan yara ne. Za a iya cinye ku wasa ɗaya ko biyu yana benci, 'yan kallo kuma za su yi maka surutu. Ka jure. In ya yi fushi ya koma wata ƙungiya, ka yi masa fatan alheri, ƙofa a buɗe.

Haka kuma ka yi wa kanka alkawarin cewa duk yaron da ya cika atisaye zai buga aƙalla kashi ɗaya cikin uku na wasa, har a gasar kofi. A tsakanin shekara 11 da 15 jiki ba ya tafiya tare: wani ya riga ya fara gemu, wani sa'ansa har yanzu kamar ɗan aji huɗu, kuma sau da yawa ɗan ƙaramin nan da ake turewa, saboda dole ta sa ya koyi wayo da saurin bayarwa, shi ne yake wuce su idan tsawo ya zo masa. Kada kuma son kofi ya kai ka ga sako ƙato ɗan shekara 18 cikin yara. Ƙasar nan ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, amma a 2016 gwajin ƙashin wuyan hannu da ake yi don tantance shekaru ya zubar da 'yan wasa 26 daga sansanin ƙungiyar ana dab da karawa da Nijar, Nijar ɗin kuma ta fitar da mu. Wannan ɗabi'a daga kofin unguwa take farawa, kuma yaran suna gani.

Game da iyaye, ina bayansu. Uban da ya ce ɗansa ba zai bar Islamiyya don ƙwallo ba, ko ya ce da damina a tafi gona, ko lokacin yankan shinkafa a sauka fadama, bai yi laifi ba, kuma duk ranar da ka sa yaro ya zaɓa tsakaninka da mahaifinsa ka riga ka faɗi. Yawancin Islamiyyu suna hutu Alhamis da Juma'a, to ka mai da manyan ranakunka nan, ka ƙara da safiyar Asabar ko Lahadi gwargwadon tsarin makarantun unguwarku. Atisaye uku da kowa zai zo da izinin gida ya fi shida da ake zuwa a sace. Ka je wurin malamin Islamiyya da kanka ku yi yarjejeniya cewa wanda ya yi fashin karatu ba zai buga wasan mako ba, ka riƙa duba sakamakon jarrabawarsu, kuma a tashi kafin magariba a yi salla tare. Ranar da uba ya lura cewa tsoron rasa wasan Juma'a ne ya sa ɗansa yake sammakon hadda, shi da kansa zai riƙa tambayar yaron ko yau babu fili. Daga cikin iyayen nan ne kuma za ka sami mutum uku ko huɗu da za su zama kwamiti, a yi karo-karon ƙwallo da ruwa, ka huta da ɗaukar jinka da hannu ɗaya, domin kocin da yake kashe albashinsa shi kaɗai yakan fara jin cewa yara bashi suka ci, kuma daga nan fushi yake tasowa.

Labarin Zaidu Sanusi abin alfahari ne ga duk ɗan Kebbi, sai dai kana ba su ƙarshensa ne kawai. Ka ba su shi daga farko. An haife shi a 1997, ya tafi Fotugal a 2016, ya yi shekaru a ƙaramar ƙungiyar Mirandela inda ba a nuna wasanninta a gidajen kallo, ya koma Santa Clara a 2019, sai a 2020 Porto ta ɗauke shi. Kuma ɗan baya ne na hagu, irin waɗanda ladanka na naira 500 ba ya isa gare su, amma shi ne ya ci Benfica a mintin ƙarshe a watan Mayun 2022, ƙwallon da ta ba Porto kofin gasar lig ta ƙasar. Ka kuma tambayi kanka, cikin 'yan wasa 21 da koci Manu Garba ya ci wa Najeriya kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 da su a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2013, nawa za ka iya kawo sunansu yau bayan Kelechi Iheanacho da Taiwo Awoniyi da kyaftin Musa Muhammed? Waɗannan fa zaɓaɓɓun ƙasa ne gaba ɗaya. Idan Turai ce kaɗai dalilin zuwa filinka, yaro mai hankali zai auna kansa ya ga ba zai kai ba, ya ajiye takalmi. Wanda kuma ya ɗauki mafarkin da zafi shi ne abincin 'yan damfarar da suke zuwa da sunan ejan, su sa uba ya sayar da gona ko sa don kuɗin biza. Ka sanar da iyaye cewa dokar hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta hana kai ɗan wasa ƙungiyar wata ƙasa kafin ya cika shekara 18 sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan, kuma ƙungiyar da take son yaro da gaske ba ta neman kuɗi a hannun ubansa.

Akwai magana ɗaya da ta shafe ka kai kanka, kuma ina faɗinta da girmamawa. Ka buɗe wasiƙarka da gwiwar da ta zaunar da kai. Ka bincika zuciyarka ko fushin ran nan na yaran ne, ko kuwa na kofin da kai ba ka samu ɗagawa ba a zamaninka. Ba abin kunya ba ne, kusan duk tsohon ɗan wasa yana ɗauke da irin wannan miki, amma yara 'yan shekara goma sha uku ba za su iya biya maka shi ba.

Ba duka waɗanda suka tafi za su dawo ba. Wasu sun shiga koyon sana'a, wasu sun girma sun sami abin da ya fi ɗaukar hankalinsu, su ma in kun haɗu a hanya ka amsa gaisuwarsu da sakin fuska ka tambayi karatu. Amma labari yana yawo da sauri a tsakanin yara, kuma bayan mako biyu ko uku da fara wasan huɗu-huɗu za ka hangi ɗaya ko biyu sun zo sun tsaya a jikin katangar makaranta, hannu a aljihu, suna yi kamar wucewa suke. Kada ka tambaye su inda suka shiga duk kwanakin nan. Ka kira ɗaya da sunansa, ka ce masa ƙungiyar can ba ta cika ba, ya cire silifas ya shigo.